Takalmi Don Ƙafar da Ba Ta Ji

A shekarar da aka yanke wa yayana ƙafa, ina koyarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye a ƙasar Dungas, inda ake kiran malami Mushe. Aji biyu ne a hannuna, ga kuma aikin darakta, shugaban lakwal ɗin, a kaina, don mu biyu ne kawai malaman wurin. Iyalina suna Magarya, sai ranar Asabar nake hawa moto, wato babur, in je in gan su, in komo da sassafen Litinin.

Yayana manomi ne, ƙato, irin mutanen da ke ɗaukar damin gero a ka su yi ta hira da kai a hanya ba ko haki. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa bai ɗauke shi a bakin komai ba. Da kaka, kututturen kara ya soke shi a ɗan yatsan ƙafa, ya shafa toka ya ci gaba da aiki. Kafin wata biyu yatsan ya yi baƙi, wari ya hana jikokinsa zama kusa da shi. Ni na raka shi Damagaram, ni kuma na sa hannu a takardar da likita ya miƙo. Da ya farfaɗo, ya ɗaga zanen da aka lulluɓe shi da shi, ya duba, ya mayar ya rufe.

Wata huɗu bayan haka, ina alwalar la'asar a bayan aji, na ɗaga ƙafar hagu zan wanke, sai na ga wani abu baƙi a diddigena. Na ɗauka tsakuwa ce ta maƙale. Da na ja, sai ga ƙayar aduwa, tsawonta ya kai gaɓar yatsa, ta ratsa silifa ta shige nama. Jinin ma har ya bushe. Ban san sa'ad da na taka ta ba. Na yini ina yawo a kanta, na koyar da lissafi, na raba faɗa, na je bakin rijiya, ban ji ko alamar zafi ba. Na zauna da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye ƙasa. Sai a lokacin na tattara abubuwan da na daɗe ina kau da kai a kansu: ƙishirwar da ba ta yankewa, fitsari a kai a kai, wandon da ya fara yi mini yawa.

Ban jira Asabar ba. Washegari na bar wa abokin aikina yaran, na nufi Magarya, na wuce kai tsaye gidan likita na unguwarmu. Babban ma'aikacin wurin, wanda muke kira majo, dattijo ne mai furfura, ba ya son dogon zance. Ya huda mini yatsa, ya ɗiga jinin a na'urarsa, ya dubi lambar da ta fito ya dube ni. Sa'an nan ya ce in kwanta in rufe ido. Ya ce zai riƙa taɓa tafin ƙafata da wani siririn zare mai tauri, duk sa'ad da na ji in yi magana. Na kwanta ina jira. Da shirun ya yi yawa na ce, "Majo, ka fara mana."

Ya ce, "Mushe, ai na gama ƙafa ɗaya."

Abin da ya faɗa bayan wannan, rabinsa kawai ya shiga kunnena. Ya rubuta mini magani. Ya ce in bar suga a shayi, in rage fura da tuwo. Ya ce kada in sake taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, kuma silifa ta haramta gare ni. Ya ce kullum in motsa jiki har in yi zufa, in nemi takalmin gudu mai taushin ƙasa, irin wanda ake kira baske. Ya ƙara wasu bayanai a kan yadda za a zaɓe shi, amma ni hankalina yana can asibitin Damagaram, wurin zanen da yayana ya ɗaga. Kalma biyu na fita da su: gudu da takalmi.

Ranar kasuwar Dungas na je layin ƴan gwanjo. Ni mutum ne mai babbar ƙafa, lamba arba'in da shida nake sawa, tun ina saurayi takalmi ke ba ni wahala. Na tona tsibi uku kafin in sami wanda ƙafata ta shiga. Shuɗi ne mai ratsin fari, bai sha jiki sosai ba. Da na ɗaure igiyar na miƙe, mai kayan ya tambaye ni ko ya matse ni. Na tsaya ina sauraren ƙafata, kamar mai kasa kunne a bakin rijiya. Ba ta ce mini komai ba. Na ce masa daidai ne.

Ya ce, "Ko ya ɗan kama ma, zai saki."

Na fara gudu kamar wanda ake kora. Majo tafiya mai sauri ya ce, amma ni a tunanina in tafiya magani ce, gudu ya fi ta. Bayan sallar asuba sai in bi hanyar amalanke da ta ratsa gonaki, in yi ta gudu cikin rairayi har ƙirjina ya fara suka. Da yamma in sake. Mutanen ƙauye suna tsayawa suna kallona, wata tsohuwa ma ta tare ni ta tambaya ko lafiya, wa ya rasu. Ban damu ba. Kowace zufa ta zubo sai in ga kamar sugan ne ke fita.

A rana ta biyar na dawo, na zauna a bakin ɗaki zan cire safa, sai ta ƙi fita. Ta manne a ƙafar dama. Na jiƙa ta da ruwa na ja a hankali. A cikin kwarin tafin ƙafa, ta gefen ciki, fata ta saluɓe, faɗin wurin ya kai murfin kwalba, ja wur, yana tsattsafar da ruwa. Na zura hannu cikin takalmin, sai na ji wani tudu mai tauri daidai wurin, kamar an cusa guntun katako a ƙarƙashin shimfiɗar. Kwana biyar yana gurzar namana, ni kuwa ina murna ina neman lafiya.

Ban iya tuna yadda na tuƙa moto zuwa Magarya ba. Na dai tuna na tsaya sau biyu a hanya na kwance tsumman da na ɗaure ƙafar da shi, don in ga ko ta fara baƙi.

Majo ya duba ciwon, ya karɓi takalmin ya juya shi, ya danna tudun da babban yatsa. Ya ce, "Wannan an yi shi ne don masu ƙafar da ke kwantawa ciki, yana tokare ta. Kai ƙafarka ba haka take ba. Ban gaya maka ka kawo mini in gani kafin ka sa ba?"

Na ce, "Ban ji ba, majo."

Ya ce, "Kuma wa ya ce ka yi gudu?"

Na tambaye shi abin da ke cina. "Za a yanke?"

Ya ci gaba da wanke ciwon, bai ɗago ba. "Yau dai ba za a yanke ba. Ka dawo jibi."

Mako bakwai na yi ina dawowa jibi. Ciwon da a jikin wani zai bushe cikin kwana goma, ni a jikina ya zauna daram. Na nemi izini daga enspektan makarantu na zauna gida. Aikina kenan in kwanta a tabarma a ƙarƙashin darbejiya, ƙafa a kan matashi, ina kallonta. Duk sa'ad da aka kwance bandejin sai in ɗauke shi in sunsuna, ina neman warin da na sani. Idan inuwar ganye ta faɗo a kan yatsuna sai gabana ya faɗi, in ja ƙafar cikin rana in tabbatar inuwa ce. Na riƙa lissafa yadda zan hau moto da ƙafa ɗaya, yadda zan tsaya gaban allo da sanda, wa zai ɗauki malamin da ba ya iya zuwa ƙauye. Ƴaƴana huɗu, babbar ba ta gama kwaleji ba. Abinci ya daina shiga. Matata ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke.

Na hana a gaya wa yayana, amma magana ba ta ɓuya a dangi. Wata rana da hantsi sai ga shi an kawo shi a amalanke. Ya shigo yana dogara sandunansa, ya ƙi a taimake shi, ya zauna kusa da ni da ƙyar. Ya ce in kwance ya gani. Ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Naka ja ne. Nawa bai taɓa yin ja haka ba. Ja rai ne."

Na ce, "Yaya, tsoro nake ji."

Ya ce, "To ka ci gaba da jin sa. Ni da na ji shi da wuri, da da ƙafata na zo gaishe ka."

A mako na bakwai ciwon ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi. Kowa ya yi hamdala, ni kuwa sai wata sabuwar damuwa ta taso. Na koma aiki amma na ƙi motsa jiki. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, cikin wani tsohon sau-ciki da na yanke wa baya. Duk takalmin da na gani sai in ga maƙiyi. Da na je awo a ƙarshen wata, lambar ta hau fiye da ta farko. Majo ya ajiye na'urar ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, in ban yi tafiya ba ciwon zai ci idona da ƙodata, ba ƙafa kaɗai ba.

Na ce, "Majo, in na zauna in mutu, in na tashi a yanke ni. Gaba kura, baya sayaki. Ta yaya mutum zai zaɓi takalmi da ƙafar da ba ta ji?"

Wannan karon bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka kawo ruwa a roba, ya ce in tsoma ƙafafuna in taka simintin baranda. Muka tsaya muna kallon sawun. Ya nuna mini da bakin biro: ga diddige, ga gaba, ga wata siririyar gada da ta haɗa su ta gefen waje. Ya ce wanda tafinsa ya shimfiɗe, sawunsa kan fito gaba ɗaya kamar faifai, shi ne ke buƙatar tokari. Nawa tsaka-tsaki ne. Ya ɗauki tsohon takalmina ya juya, ya nuna mini yadda ƙasansa ya cinye daidai, bai zaizaye ta gefe ɗaya ba.

Ya ce, "Kai takalmin da ba ruwansa kake so. Kada ya tura ka ciki, kada ya tura ka waje. Ya dai yi taushi a ƙasa kamar katifa, ya yi faɗi a gaba, cikinsa kuma sumul. Kuma sabo, ba wanda ƙafar wani ta riga ta lanƙwasa ba."

Ya yago kwalin magani, ya sa na taka, ya zagaye kowace ƙafa da biro, ya yanke da almakashi. Ya ce duk takalmin da kwalin nan bai kwanta a cikinsa ba tare da ya tanƙware ba, in ajiye shi. Ya ce in je da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, in sa safar da zan riƙa tafiya da ita. Daga ƙarshe ya ce, "Ka tafi da wanda hannunsa ke ji. Kai yatsun hannunka ma ban yarda da su sosai ba."

Matata ce ta ce za ta bi ni. Ita tela ce, tana ɗinkin kayan mata a gida, hannunta ya san zare. Ba mu saba shiga kasuwa tare ba, na so in hana, ta ce, "Malam, wancan karon kai kaɗai ka je." Ta ɗauki mayafinta.

Akwai wani Alhaji a kasuwar Magarya da ke sayar da sababbin takalma, ƙanensa ke aiko masa da kaya daga Kano. Shagon ƙarami ne, kwalaye har rufi, warin roba ya cika shi. Na yi masa bayani tun daga ƙayar aduwa. Da na ce takalmin da ba ruwansa nake nema, ya yi dariya, ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a bai taɓa jin takalmi mai ruwa da tsaki ba. Amma da na cire safa ya ga tabon, dariyar ta tsaya. Ya ce mahaifiyarsa ma ciwon ne ya tafi da ita. Ya hau kan benci da kansa ya yi ta sauke kwalaye. A duk shagon, ƙafa uku ne suka kai lambata.

Na farko fari ne tas, mai kyan gani. Matata ta zura hannu, ba ta ko kai gaba ba ta fito da shi. Ta ce, "Ga tudun nan, irin na wancan." Alhaji ya taɓa, ya gyaɗa kai, ya mayar cikin kwali.

Na biyu baƙi ne, ƙasansa da kauri, da na danna sai ya lotsa ya dawo. Zuciyata ta kwanta da shi. Muka zura kwalin majo, sai gefensa ya naɗe wajen ƙaramin yatsa. Na ce wataƙila majo ya yanka kwalin da faɗi. Matata ta ɗago takalmin ta nuna mini yadda kwalin ya tanƙware.

Saura ɗaya. Ruwan toka ne, mara nauyi, kwalin ya shige ya kwanta lafiya lau. Ba tudu. Na sa shi na taka, ko ni da ba na ji sosai na ji a gwiwata cewa ƙasa ta yi laushi. Na ce alhamdu lillahi, a ɗaure mini. Matata ta ce in cire tukuna. Ta zura hannu ta rufe ido, tana bin cikinsa a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta gama na hagu ta ajiye. A na dama ta daɗe. Sai ta ce, "Akwai ɗinki a nan, wajen babban yatsa. An haɗa ƙyalle biyu, bakin ya tashi, kuma da ƙulli."

Na karɓa na laluba. Ban ji komai ba. Na ce, "Ba komai a nan."

Ta ce, "Akwai."

Na ce, "To a yanke ƙullin da reza."

Ta ce, "In an yanke, bakin zai fi kaifi. Ɗinki ne aikina, Malam."

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga murya a tsakiyar kasuwa. Na ce mata ita ba ta san abin da nake ciki ba, kullum suga na cin jikina ita tana neman ƙullin zare, in ba wannan ba wanne, so take in zauna har in makance? Masu shagunan kusa suka leƙo. Ta tsaya da takalmin a hannu, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta miƙo mini shi ba. Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai da Alhaji za mu ji, "Ni na wanke bandejinka mako bakwai. Ba zan sake ba in da yadda zan yi."

Na zauna a kan bencin, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu, na rufe fuska da hannu. Ban taɓa jin na kai ƙarshen dabarata irin ranar ba. Ga ni malami, na koya wa yara ɗaruruwa karatu, amma takalmin da zan sa ya gagare ni.

Alhaji ne ya kore masu leƙe. Ya zuba mini ruwa a kofi. Ya ce, "Mushe, gaskiyar Hajiya ce. Ko ka ba ni kuɗin ba zan sayar maka da wannan ba. Ba ni kwalin nan." Ya ce zai ba direban da ke ɗauko masa kaya ya kai wa ƙanensa, a bi manyan shaguna da shi, a zura a kowane takalmi. Ya sa matata ta faɗi abin da za a duba, ya ɗauki muryarta a waya ya aika: ba tudu, ba ɗinki a ciki wajen yatsu, gaba mai faɗi, ƙasa mai taushi. Ya ce mu ba shi mako guda.

Mako gudan ya zama uku. Farko aka ce direban bai tafi ba, motarsa ta lalace. Sa'an nan ƙanen ya aiko da hotuna, duk masu kyau, amma ba lambata. Kowace Asabar daga ƙauye shagon nake fara zuwa kafin gida, Alhaji yana hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa. A tsakanin nan majo ya ce in riƙa zagaya cikin aji bayan an tashi, a kan siminti mai shara, da safa biyu a cikin tsohon takalmina, minti biyar kawai. Haka nake yi, daga allo zuwa bango, daga bango zuwa allo, kamar akuyar da aka ɗaure. Idona na dama ya fara yin hazo-hazo da rana, ban sani ba ko ciwon ne ko tsoro ne. Ban gaya wa kowa ba.

Tsakanina da matata kuwa magana ta yi ƙaranci. Ba ta yi fushi a fili ba, tana yi mini abincin da majo ya ce, tana duba ƙafafuna duk ranar da nake gida. Wata Lahadi tana cikin dubawa na ce, "Abin da na yi a kasuwa, ki yafe mini." Ta ce, "Ɗaga ɗayar." Na ɗaga. Da ta gama ta ce, "Ya wuce," ta tashi ta koma kan keken ɗinkinta.

A Asabar ta uku Alhaji bai girgiza kai ba. Ya ɗago wani kwali sama. Na juya moto na ɗauko matata, ko mayafi ba ta gama gyarawa ba.

Takalmin ba shi da kyau ko kaɗan. Launinsa ruwan ɗorawa ne mai kashe ido, ƙasansa fari mai kauri kamar an yanko katifa, lambarsa arba'in da bakwai. Ƙanen ya aiko da saƙo cewa shi kaɗai kwalin ya kwanta a cikinsa. Alhaji ya ce in ba na son launin a sake nema. Na ce ko da hoton jaki a jikinsa ina so, in dai ya ci jarrabawa.

Muka bi shi daki-daki. Alhaji ya ɗora shi a kan tebur muka tsuguna muka dube shi ta baya, ya tsaya cak, bai karkata ko'ina ba. Na zare shimfiɗar ciki na ajiye a ƙasa na taka, ba inda ƙafata ta zarce bakinta. Na danna diddigen da babban yatsa, ya nutse ya taso. Sa'an nan matata ta karɓa. Ta rufe ido. Ni da Alhaji muka zuba mata ido, har mai sayar da goro na gefe ya matso yana kallo. Ta bi na hagu, ta bi na dama, ta sake komawa na hagu. Ta juya harshen takalmin ta shafa bayansa. Ta buɗe ido ta ce, "Wannan saƙa ɗaya ce tun daga gaba har baya. Ba haɗi."

Na sa, ta durƙusa ta danna gaban, ta ce akwai sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsana da bakin takalmin. Alhaji ya ce in je in zagaya layin masu hatsi in dawo, in ƙasan ya yi datti shi ya ji. Na tafi ina taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da na dawo na cire, matata ta duba kowane yatsa, ta duba tabon, ta duba bayan diddige, tana neman inda ya yi ja. Babu. Duk da haka ban sa shi zuwa gida ba. Na rungume kwalin muka wuce wurin majo. Ya juya shi, ya lanƙwasa gaban, ya zura nasa hannun.

Ya ce, "Minti goma a rana, tafiya, ba gudu ba. Kullum ka zazzage shi kafin ka sa, ko tsakuwa ɗaya kada ta kwana a ciki. In ka dawo ka duba tafinka da madubi. Bayan mako guda ka ƙara biyar."

Haka na yi. Na sayi ƙaramin madubi na ajiye a bakin ɗakina na ƙauye. Mutane suka sami abin dariya, ga darakta da doguwar riga da hula, ga ƙafafu ruwan ɗorawa ana hango su tun daga bakin gari. Ban kula ba. Minti goma ya zama rabin awa, rabin awa ya zama awa guda. Bayan wata biyar majo ya yarda in riƙa ɗan sassarfa a inda hanya ta yi tauri ba ƙaya. Lambar na'urarsa ta sauko sannu a hankali, hazon idona ya tafi. Jin ƙafata dai bai dawo ba, kuma ya ce kada in sa rai.

Yanzu shekara biyu ke nan. An maido ni wata lakwal kusa da Dantchiao, ina kwana gida kullum. Ƙasan takalmin ya fara mutuwa, in na danna ba ya tasowa kamar da, majo ya ce lokacin canji ya yi tun watan jiya. Alhaji ya aika Kano sau biyu, ƙanensa ya ce irin wannan ya daina zuwa, wanda ya maye gurbinsa kuma gabansa tsukakke ne. An ce akwai wani shago a Damagaram kusa da tasha da ke kawo manyan lambobi. Matata ta ce za ta gama ɗinkin da ke hannunta ranar Juma'a, mu kama motar farko ranar Asabar.